Tukunyar da Tasalla Ba Ta Rufe Ba

A wani zamani mai nisa, can ƙasar da fadama ke tsirar da gishiri maimakon ciyawa, an yi wani gari da ake kira Tungar Farar Ƙasa. A tsakiyar fadamar garin akwai wani ɗan tafki, faɗinsa bai wuce tsakar gida ba, sunansa Idon Fadama. Ruwansa garai-garai ne, amma duk mai ran da ya taɓa shi sai ya narke nan take, kamar gishiri a miya. An ga akuya ta sa baki ta ɓace, an ga balbela ta sauka ba ta tashi ba. Mutanen garin ba su tsaya neman dalili ba. Sun jera duwatsu kewaye da tafkin, taku arba'in ta kowane gefe, suka bar wa aljanun wurin duk abin da ke ciki.

Garin ba shi da wata sana'a sai dafa gishiri. Maza su kankaro farar ƙasa daga fadama, mata su zuba ta a kwandon da aka shimfiɗa wa ciyawa, su kwarara ruwa a kai. Ruwan ya narkar da gishirin ya ɗigo da shi cikin kasko, ƙasa ta tsaya a sama. Daga nan sai wuta. A ɗora tukunya baki buɗe, a yi ta iza itace har ruwa ya ƙafe, tururi ya kama gabansa, gishiri ya zauna. Abin da ya zauna shi ne dukiya, wanda ya tashi kuwa ba mai ɗaga kai ya dube shi.

Duk garin ba wadda ta kai Tasalla iya wannan aiki. Ta san haka, kuma ba ta ɓoye wa kowa cewa ta sani. Mijinta Nomau mutum ne mai sanyin hali, shekara talatin da ɗaya yana kankaro mata ƙasa. Aibinsa ɗaya, in ji ta, wata 'yar waƙa mara kai mara gindi da yake yi ƙasa-ƙasa in yana aiki. Kullum sai ta ce ya cika mata kunne, kullum sai ya yi murmushi ya ci gaba.

Wata shekara damina ta yi yawa ta wanke fadama, ƙasa ta zama lami. A dafa tulu goma, gishirin bai cika ƙwarya ba. Amma can cikin da'irar duwatsu, inda ba a taɓawa, ƙasa ta yi ɓawo fari fat, tana ta ƙyalli. Tasalla ta yi kwana uku tana kallonta, ran na huɗu ta kasa haƙuri.

Ta ce, "Maigida, wai kai ba ka ganin abin da nake gani?"

Nomau ya ce, "Ina gani, Tasalla. Ba namu ba ne."

"Taku biyu kawai za ka shiga. Su aljanun miya suke yi da shi?"

"Waɗanda suka jera duwatsun nan ba wawaye ba ne."

Ta ce, "To zauna. Ni zan ci ɗamara in shiga, gari ya ga wanda ke riƙe da gidan nan."

Nomau ya miƙe. Ya ɗauki fartanyarsa da kwando, rana tsaka, ya tsallake duwatsu. Tasalla na tsaye a baya tana nuna masa da hannu, can gaba ya fi fari, a'a, ƙara gaba. Taku biyu ya zama ashirin, ashirin ya zama talatin da tara. Sai ɓawon ƙasar ya burma da shi, ƙafarsa ta taɓa ruwa. A gaban idonta ya narke, tun daga sawu har wuya. Ya juyo ya dube ta, bai samu damar yin magana ba. Hula da fartanya kaɗai suka rage a bakin tafkin.

Tasalla ta yi kuka har muryarta ta dushe, domin ta san ba aljani ne ya kashe mata miji ba, bakinta ne. Da ta gaji da kukan, ta tafi wurin Inna Shekara, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a garin, ta durƙusa ta faɗa mata komai, ba ta rage laifinta ko kaɗan ba.

Tsohuwa ta ce, "Ba mutuwa ya yi ba tukuna. Wanda tafkin nan ya narkar, ruwansa yakan tsiyaya ƙasa, ya taru a randar Uwar Tafki. In kin isa gare ta, wataƙila ta saurare ki."

"Inna, yaya zan shiga ruwan da ke cin mutum?"

"Ke da kike ce wa kowa kin fi shi sanin gishiri? In kin yi ta zuba wa ruwa gishiri, me ke faruwa daga ƙarshe?"

Tasalla ta ce, "Yakan ƙoshi. Ya daina narkarwa, gishiri ya kwanta a ƙasa."

Inna Shekara ta ce, "To, ƙosasshe ba ya ci."

Tasalla ta buɗe rumbunta, gishirin ajiyar shekara uku ne a ciki. Ta cire ƙyauren ɗakinta ta shimfiɗa kan ɓawon ƙasa don kada ya burma, ta yi ta jigila, kwando bayan kwando tana juyewa a tafkin. Da ta zuba ashirin, ta jefa ƙwai ta ga ya taso sama, alamar ruwa ya yi nauyi. Gaggawa ta sa ta tsoma ɗan ƙaramin yatsanta, sai ta zaro shi ba farce. Ta cije baki ta koma jigila. A kwando na talatin da bakwai ta ga gishiri ya sauka ya kwanta a ƙasan ruwa, ƙwaya-ƙwaya, bai narke ba. Ta sake tsoma hannu, ya fito lafiya. Ta ɗaure faifai da rariya da ƙwarya biyu a baya. Da yake ruwa mai gishiri haka ba ya barin mutum ya nutse, sai ta rungumi dutsen niƙanta, ta yi bisimilla ta faɗa.

Ta yi ta nutsewa, ta yi ta nutsewa, har ta faɗo tim a kan wani farin rairayi. Ta ɗaga kai, sai ta ga ruwa ne a madadin sararin sama, kifayen aljanu na yawo a cikinsa. Ƙasar ba ta da dare ba ta da rana, haske ɗaya ne kullum irin na hantsi. Ta miƙe ta bi wata hanya tsakanin itatuwan da saiwoyinsu ke sama, rassansu na cikin ƙasa, har ta iso wata ƙofa mai tsawon giginya uku. Tana ƙetare dokin ƙofar, wani baƙin dutse ne, sai ta ji allurar da ke soke a kallabinta ta fizge ta manne masa.

A gaban ƙofar wani aljani ke zaune, ƙafarsa ɗaya, wuyansa ya naɗe sau uku a kafaɗarsa, haƙarƙarinsa duk a waje saboda yunwa. Kusa da shi ga tsibin hatsi ya kai bukka.

Aljanin ya ce, "Ya ke 'yar Adam, me ya raba ki da ƙasarku, kika zo inda ba a gayyace ki ba?"

Tasalla ta durƙusa ta ce, "Ya mai tsaron ƙofa, mijina nake nema. Yana cikin randar Uwar Tafki."

"Ba mai wuce ni sai ya ciyar da ni. Shekara ɗari da suka wuce guguwa ta ratsa ta rumbuna, ta ratsa ta maƙerar wani gari, ta cakuɗa mini gero da ƙaiƙayi da tsakuwa da yashi da garin ƙarfe. Mu kuwa ba ma taɓa ƙarfe. In kin raba mini su, ki wuce. In na tauna na ji ƙasa ko sau ɗaya, ke zan haɗa da shi."

Tasalla ta dubi tsibin, ta ji tsoro ya ragu, don wannan aikin tsakar gida ne. Ta hau kan tudu ta yi sheƙa, iska ta ɗebe ƙaiƙayi saboda ba shi da nauyi. Ta bi da faifai ta bakace. Ta sa rariya mai manyan idanu, gero ya zube, tsakuwa ta tsaya. Ta ɗebo ruwa ta rege da ƙwarya biyu, yashi ya kwanta a gindin ƙwarya, gero ya bi ruwa ya fita. Saura garin ƙarfen da ya maƙale a jikin hatsin. Nan ta tsaya tana cizon yatsa, sai ta tuna allurarta. Ta je ta ɓantaro ɓallin baƙin dutsen nan, ashe mayen ƙarfe ne. Ta shanya geron ya bushe, ta yi ta jan dutsen a cikinsa, yana fitowa da baƙin gemu tana sharewa, har ya riƙa fitowa fes.

Aljanin ya cika baki ya tauna, ya lumshe ido, ya sake taunawa. Ya ce, "Wuce, ya ke 'yar Adam. Hannunki ya fanshi wuyanki."

Ta yi tafiya mai tsawo a kan wata gada ta ƙashin kifi, iska na neman jefa ta cikin ramin da ba a ganin ƙarshensa. Ta sauka a wani daji inda duwatsu ke kiran sunanta da muryar uwarta, ta toshe kunne ta wuce. Bayan dajin sai ga wani kogi, ruwansa jawur da laka, yana gudu yana tumbatsa. A bakinsa wani kada ke kwance, tsawonsa ya yi zangon kibiya, idanunsa biyu laka ta like su.

Kadan ya ce, "Na ji warin bil'adama. Ya ke mai tafiya, ni ne jirgin kogin nan, ba wani jirgi bayana. Amma na makance, domin duk ruwan ƙasar nan laka ne, in na wanke ido sai in ƙara masa datti. Kawo mini ruwa mai tsabta in gani, in ƙetare da ke. In kuwa kika hau ni a makance, ba na ɗaukar alhakinki."

Tasalla ta ɗebi ruwa a ƙwarya ta ajiye. Laka mai nauyi ta kwanta, amma ruwan bai washe ba, akwai wadda ta yi laushi ƙwarai har ba ta son sauka. Ta duba gefe ta ga bishiyar zogale, 'ya'yanta sun bushe. Ta ɓare, ta daka ƙwayar a kan dutse, ta barbaɗa ta motsa. Jim kaɗan dattin ya dunƙule ya sauka ƙasa. Ta tsiyaye na sama a hankali, ta shimfiɗa kallabinta a kan rariya, ta zuba gawayi da yashi mai kyau, ta tace har sau biyu. Ruwa ya fito ana ganin gindin ƙwarya. Ta wanke wa kadan ido, ya buɗe su, kowanne ya yi faifai.

Ya dube ta ya ce, "Ashe 'yar mitsitsiya ce ke. Hau."

Suna tsakiyar kogi igiyar ruwa ta rufe su sau uku, tana maƙale da ƙayar bayansa tana kiran sunan Allah. Amma da ta sauka a ɗaya gaɓar, maimakon godiya, abin da ta ce a ranta shi ne, ashe aljanun ma ba su san komai ba.

Gaba kaɗan, a gindin wani tsauni na kanwa, ta tarar da aljanu biyu 'yan'uwa, kawunansu irin na gauraka, suna fizgar wani tulu, wannan ya ja wancan ya ja. Ubansu ne ya mutu ya bar wa babbansu mai, ya bar wa ƙaraminsu ruwan wata rijiya mai tsarki, amma a tulu ɗaya. Shekara saba'in ke nan suna kokawa, abin da ke ciki ya kaɗu ya zama fari kamar nono. Suka tare hanya suka ce sai ta raba musu gado.

Tasalla ta ce, "Ku ajiye shi."

Babban ya ce, "Sannan mu yi me, ya ke 'yar Adam?"

"Sannan ku zauna ku riƙe hannuwanku."

Suka zauna suna hararar juna. Da tulun ya samu hutu, mai ya taso sama, ruwa ya koma ƙasa, domin dama ba sa shiga juna, jijjiga ce ta haɗa su. Ta huda gindin tulun da allurarta, ta tara ƙwarya, ruwa ya tsiyaye. Da ta ga ɗigon mai na farko, ta toshe da yatsa, ta miƙa wa kowa nasa.

Ƙaramin ya ji daɗi, ya ce, "Zan saka miki da magana ɗaya. In kin isa fada, za a sa tukunya da wuta a gabanki, to ki kula da..."

Tasalla ta katse shi. Ta ce, "In dai tukunya ce da wuta, a gindinsu aka yanke mini cibiya. Nuna mini hanya kawai."

Aljanin ya rufe bakinsa, ya nuna mata hanya da fiffike. Ina ma ta bari ya ƙarasa.

Fadar Uwar Tafki da tubalin gishiri aka gina ta, rufinta a buɗe yake ta tsakiya. A ciki randuna ne jere, ba a ganin ƙarshen layinsu. Uwar Tafki na zaune a kan karaga, daga ƙugu zuwa sama mace ce, daga ƙugu zuwa ƙasa ruwa ne mai gudana, kuma ɗigon da ke zuba daga gashinta sama yake tafiya. Tasalla ta faɗi ta yi gaisuwa.

Uwar Tafki ta ce, "Na san ki, na san abin da ya kawo ki. Mijinki ya ƙetare iyaka, ruwa ya ci shi, ba a zalunce shi ba. Amma kin ciyar da mai tsaron ƙofata, kin buɗe idon jirgina, kin sulhunta bayina. Saboda haka zan ba ki abin da ban taɓa ba ɗan Adam ba."

Ta ɗaga hannu, aka kawo wata randa aka dire.

"Duk abin da ake kira Nomau yana cikin ruwan nan. Ga tukunya, ga murhu da itace, ga ludayi, ga murfi. Fitar da shi. Abin da kika fitar naki ne, abin da kika bari na iska ne. Sau ɗaya ake yi."

Tasalla ta ɗanɗana ruwan a kan harshe, ta ji gishiri. Zuciyarta ta yi fari, ta ce a ranta an zo gidana. Ta duba tukunya ba tsaga, ta duba itace busasshe ne. Ta ɗauki murfin, na tagulla ne, sanyi ƙarara, yana da dogon hanci a gefe irin na buta. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ajiye shi can gefe.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, a ƙasarmu ba a rufe tukunyar gishiri. In an rufe, ruwa ba ya ƙafewa."

Uwar Tafki ta ce, "Ke ce mai aiki."

Kada a yi saurin zarginta. Ko wace mace aka ɗauko daga Tungar Farar Ƙasa, abin da za ta yi ke nan, haka ta ga uwarta na yi, haka kakarta. Laifinta ɗaya, ba ta tambaya ba.

Ta juye ruwan a tukunya ta hura wuta. Ba ta taɓa yin aiki da kulawa irin ta ran nan ba. Ta kwashe kumfa da ludayi, ta rage wuta in ta yi yawa, ta ƙara in ta yi sanyi, ko ɗigo ɗaya ba ta bari ya fantsama ƙasa ba. Tururi na tashi yana fita ta rufin fada, ita kuwa idonta na cikin tukunya. Ruwa ya sauka rabi, ƙwayoyin gishiri suka fara fitowa a gefe, farare tas, irin waɗanda ba ta taɓa gani ba. Ya sauka saura kashi ɗaya cikin huɗu. Can sai ta ji wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, mara kai mara gindi.

Ta yi murna, ta ce ga shi nan tafe, ta ƙara itace. Ta leƙa tukunya, ba daga nan waƙar ke fitowa ba. Ta duba bayanta, ba kowa. Sai ta ɗaga kai. Waƙar a cikin tururi take, tana hawa tana fita ta rufi, kuma ruwa na raguwa tana ƙara siririya.

Nan take ta gane. Wace mace ce ba ta san zufar da ke taruwa a ƙarƙashin murfin tukunyar miya ba? Ruwan da ya tashi ne, ya gamu da sanyi ya dawo. Ta yi tsalle ta rarumo murfin ta kifa, ta tara ƙwarya a bakin hancinsa. Ɗigo ya faɗo, wani ya biyo shi, wani kuma. Sai tukunya ta yi ƙara ta bushe. Abin da ke cikin ƙwaryar bai cika tafin hannu ba.

Uwar Tafki ta sa aka shimfiɗa tabarma aka juye gishirin a kai. Ya tattaru da kansa, ya yi ƙafafu, ya yi ƙirji, ya yi kai, sai ga Nomau kwance, har da tabon fartanya a ƙaurinsa, amma ba ya motsi.

Uwar Tafki ta ce, "Gishirin jikinsa ne, kin fitar da shi cif, ko gashi bai ɓace ba. Ruwan kuwa numfashinsa ne. Numfashin shekara goma sha tara ne a cikin randar nan. Abin da kika kama, na yini ɗaya ne, daga hantsi zuwa faɗuwar rana."

Tasalla ta faɗi ƙasa ta ce, "Ranki ya daɗe, don me ba ki gaya mini ba?"

"Na ajiye murfi a gabanki. Ba a yarda mu fara magana ba, amma ba a hana mu amsa ba. Da kin ce mini wannan na mene ne, da na gaya miki."

"A ba ni wani aikin. Ko tsibin hatsi dubu ne zan raba."

Uwar Tafki ta ce, "Abin da ke cakuɗe ana raba shi, ya ke 'yar Adam. Wanda iska ta ɗauka ba ya hannuna. Ɗiga masa, kada wannan ma ya bushe."

Tasalla ta ɗaga kan mijinta ta ɗiga masa ruwan a baki, ta lakace ƙwaryar da yatsa ta shafa masa a leɓe. Ya yi atishawa. Kafin ta ƙifta ido, sai ga su a bayan da'irar duwatsu, hantsi ya dubi fadama, hayaƙin murahun gari na tashi.

Nomau ya tashi zaune ya shafa kansa, ya ce, "Ina hulata?"

Ta kai shi gida ta dama masa fura. Ta so ta ɓoye masa, amma ta ga ba ta da ikon cinye masa yinin nan ma da ƙarya. Ta zauna a gabansa ta faɗa masa komai, tun daga kwando talatin da bakwai har murfin da ta ajiye gefe. Ya saurara yana shan furarsa, bai katse ta ba.

Da ta gama ya ce, "Ni ma da ni ne, gefe zan ajiye shi. Wa ya taɓa rufe tukunyar gishiri?"

Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ta kifa kai a gwiwa tana kuka, shi kuwa ya tashi ya zaga gari, ya gai da Inna Shekara, ya nemi gafarar maƙwabta, ya yi sallar azahar a masallaci, mutane na ta taɓa shi don su tabbata. Da ya dawo, ya mayar da ƙyauren ɗaki mazauninsa. Ya ɗauko gatari ya zauna yana sassaƙa sabuwar ƙafa ga gadon da ake ɗora kwandon tace ƙasa, don tsohuwar ta daɗe tana rawa.

Tasalla ta ce, "Maigida, yini ɗaya gare ka, shi ne za ka ƙarar wajen gyaran kwando?"

Ya ce, "To wa zai gyara miki gobe?"

Da la'asar ta yi sanyi ya gama, ya jijjiga gadon ya ga ya tsaya daram. Ya wanke hannu ya zo ya zauna kusa da ita a kan tabarma, ya jingina da bango. Suka yi ta kallon inuwa tana tsawo a tsakar gida.  Tasalla ta ji numfashinsa ya fara yin nisa da juna.

Can ya ce, "Tasalla, in tambaye ki mana."

"Ina ji."

"Da kika dafa ni, na yi fari kuwa?"

Ta ce, "Fari tas. Ban taɓa dafa irinsa ba."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Dama na sani. Ba mai hannunki a garin nan."

Rana ta taɓa bakin fadama, ya yi kalmar shahada, kansa ya kwanto a kafaɗarta. Ba ta motsa ba sai da aka kira magariba.

Tasalla ta yi shekara ashirin da shida a duniya bayansa, tana dafa gishiri, don ba ta da wata sana'a. Goma sha taran farko ta ƙirga su ɗai-ɗai, domin ta san da ta rufe tukunya, kowacce a cikinsu da shi za a yi ta.